Mai Jego Za Ta Koma Bakin Aiki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya sani kowace gaɓa ta sha'anin haihuwa tana da sunanta, tana kuma da mutanenta. Ranar haihuwa ta ungozoma ce da tsofaffin gida. Ranar suna ta liman ce da wanzami da mahauci da maroƙa, har da dangi da abokan arziki waɗanda ke zuwa a raba goro a shafa fatiha. In an yi arba'in mai jego ta ajiye wanka, ta yi ado, ta goya ɗanta ta zaga 'yan'uwa. In lokacin yaye ya yi, kaka tana nan tana jira a kawo mata. Amma zamani ya zo mana da wata rana wadda kakanninmu ba su san da ita ba, sabo da haka ba su bar mana sunanta ba, balle su ce ga yadda ake yi mata. Ita ce ranar da hutun haihuwa ke ƙarewa, mai jego ta miƙa jaririnta ga wani, ta rataya jaka, ta kama hanyar ofis.

Wannan rana ce ta tunkaro gidana, gama ran Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu, maiɗakina za ta koma bakin aikinta, ta bar 'yarmu ta fari mai mako 10 a duniya. Aikin ɗan jarida ya rubuta labarin mutane, ba kasafai yakan sa kansa a cikin jarida ba. Amma na nemi izinin Edita a wannan mako in faɗi abin da ke raina, domin na tabbata akwai magidanta irina da yawa a Abuja da Legas da Fatakwal da sauran garuruwan da neman abinci ya kai mu, waɗanda wannan rana ta riska ko za ta riska, ba su kuwa da wani babba kusa da za su tambaya.

Bari in fara da lissafi, don shi ya fi hana ni barci. Maiɗakina akawu ce a wani kamfani mai zaman kansa a Wuse, mu kuwa muna haya a Mararraba, kan iyakar Abuja da Jihar Nasarawa. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun cikin shekarun 1970, ta ce a sashe na 54 mace ma'aikaciya tana da hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, watau mako 12 ke nan, kuma in ta yi wata shida tana aiki a wurin, a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Kamfaninsu bai tauye ko kwana ɗaya ba, bai kuma ƙara ko kwana ɗaya ba. Alherin da ya yi mata shi ne ya yarda ta ɗauki mako biyu kafin haihuwa, ta ajiye sauran goman don bayanta.

To, a asibitin da take zuwa awo kuwa, tun cikin yana ƙarami malaman asibiti ke nanata musu cewa nono zalla za a ba jariri har wata shida, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ce kuma ta Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Wata shida mako 26 ne. In ka cire 10 daga 26 saura 16. Watau akwai mako 16 waɗanda asibiti ya ce uwa ta kasance tare da ɗanta, doka kuwa ta ce ta koma ofis. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 29 kacal daga cikin 100 na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Na sha sa wannan adadi cikin labari duk sa'ad da makon shayarwa na duniya ya zagayo a farkon watan Agusta. Yanzu ga shi ina kallon ɗaya daga cikin jariran da ake ƙirgawa tana barci a tsakiyar gado, ina tunanin wane gefen lissafin za ta faɗa.

Ba za a ce hukuma ba ta san da wannan giɓi ba. Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutu ya kai mako 16 da cikakken albashi, kana a 2021 Majalisar Zartarwa ta amince a ba maza kwana 14 in matansu sun haihu. Jihar Legas ta riga kowa, tun a 2014 ta ba mata wata shida, maza kuwa kwana 10, a haihuwa ta fari da ta biyu. Jihar Kaduna ta ba da sanarwar wata shida a 2019. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta shekarar 2000, ta ce kada hutun ya gaza mako 14. Amma fa sauƙin da gwamnatocin nan suka yi na ma'aikatansu ne. Malamar makarantar kuɗi, da nas ɗin asibitin kuɗi, da akawun kamfani, suna nan a kan tsohuwar doka, wadda ko ambaton uba ba ta yi ba. Ni kaina mako gudan da na samu lokacin suna alherin Edita ne da abokan aiki waɗanda suka raba aikina a tsakaninsu.

Haka nan dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba ɗanta nono. Lalle wanda ya rubuta wannan ya yi nufin alheri, amma da ganin sa ya ɗauka ɗan yana bayan ofis ne. Duk wanda ya san cunkoson motocin da ke tsakanin Nyanya da cikin gari safe da yamma ya san rabin awa ba ta kai mutum ko rabin hanya ba, balle ta komo da shi.

Wannan na lissafi ke nan. Saura abin da ya fi shi nauyi, watau hannun da za a miƙa wa yarinyar.

Mu mutanen Funtuwa ne, ni da ita. Bisa ga al'ada, da yake haihuwar fari ce, kamata ya yi ta tafi gidansu goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, ta yi wankan jego a can. Sabo da aiki da kuma asibitin da ya san cikin tun farko, sai aka juya abin, surukata ta zo mana. Kwana hamsin da 'yan kai ta yi. Ita ce mai tashi da asuba ta ɗora ruwan wanka da ganyen darbejiya, ita ce mai dama kunu, ita ce mai karɓar yarinya tsakar dare don uwar ta runtsa. Ta yarda ta rage kanwa da zafin ruwa yadda likita ya nema, gama tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da alaƙar yawan kanwa da tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. A zaman da ta yi na gane hikimar iyayenmu. Kwana arba'in ɗin nan hutun haihuwa ne sosai, wanda suka tsara tun kafin a san wani abu wai shi ofis: mai jego ba ta daka, ba ta girki, ba ta ɗebo ruwa, aikinta ta ci, ta yi wanka, ta ba da nono.

Ranar da za ta koma, don ta bar tsoho a gida ga kuma wasu jikokin, na durƙusa a bakin ƙofa in yi mata godiya. Ba ta dube ni ba, kamar yadda surukai ke yi, sai ta ce, "Malam, ga amana nan. Uwarta ta iya wanka, ta iya goyo, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Na ce, "To Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya kai ki lafiya." Da motarsu ta tashi daga tasha na juyo gida, sai na ƙirga hannuwan da suka rage a ɗakin. Huɗu ne, biyu nata, biyu nawa.

A nan ne na tsaya ina tunanin mahaifina. Ni ɗan farinsa ne, kuma har yau da na haura shekara talatin bai taɓa kiran sunana ba. Tsofaffin gidanmu sun ce ko sau ɗaya bai ɗauke ni a gaban mutane ba sa'ad da nake jariri. Wanda bai san mu ba zai ce rashin ƙauna ne, alhali kuwa mutumin nan shi ne ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa, shi ya sayar da amfanin gonarsa ya biya mini kuɗin karatun aikin jarida. Kunyar ɗan fari ce, ita kuwa ado ce a wurinmu. Amma abin da ya sa ta yiwu a gare shi, gidan da na tashi a cikinsa ya fi mutum ashirin. In uwa ta shiga madafa akwai abokiyar zamanta, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai 'yan mata masu rigimar wa zai goya. Jariri ba ya rasa baya a irin wannan gida, sabo da haka uba yana iya zama a zaure da mutuncinsa, ya san an ɗauke masa.

A ciki da falo na haya kuwa, in uba ya kau da kai don kunya, babu wanda zai miƙa hannu a madadinsa. Yarinyar nan sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ta fuska biyu bakina ba zai iya faɗin sunan ba, mai karatu ma ba zai gan shi a wannan shafi ba. Sunan dai na bar wa kunya. Amma ɗauka da wanka da canjin ƙunzugu da jijjiga tsakar dare, waɗannan na karɓa, tun surukata tana nan na riƙa leƙen yadda take tallafe wuya, yadda take kiyaye maɗiga, yadda take gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu. Ban ga inda hakan ya rage mini girma ba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ita ce kuma ta ɗora wa uba ci da suturar mai shayarwa, ta kuma hana a cutar da uwa sabo da ɗanta. A fahimtata, barin mace ita kaɗai da aikin ofis da aikin gida da renon dare, alhali mijinta yana da hannu da lafiya, bai yi nisa da wannan cutarwa ba.

In aka tambaye ni me nake ji, sai in ce abubuwa uku ne suka cakuɗe. Na farko tsoro. Labaran da ke biyowa ta teburina a ɗakin labarai ba duka ke da daɗin ji ba, kuma daga cikinsu akwai na yaran da aka bari hannun wanda bai dace ba. Mai mako 10 ba ta da bakin da za ta ce an yi mata kaza, kukanta ma sai wanda ya zauna da ita ke rarrabe na yunwa da na barci da na ciwon ciki. Na biyu tausayin uwar. Kwanakin nan nakan gan ta ta ɗauko kayan aikinta ta goge, ta rataye, sa'an nan ta koma ta zauna ta ƙura wa yarinyar ido ba ta cewa kome. Shekaranjiya da dare ta ce mini, "Malam, in ta ƙi karɓar cokalin fa, ta yini da yunwa?" Na ce, "Ai mun gwada ta karɓa, in kuma ta ƙi ga waya, ga ni kusa." Ta yi shiru, na kuwa san amsar ba ta kai inda tambayar ta fito ba. Na uku, wanda ba zan ɓoye ba, sauƙi ne. Wata uku ke nan muna kan albashi ɗaya da rabi, ga hidimar suna, ga kuɗin haya na matsowa, ga kuɗin mota wanda bai sake komawa yadda yake ba tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san akwai masu cewa, to me ya kai ta? Ta zauna a ɗakinta mana ta yi reno. Wasu abokaina sun faɗa mini haka, da kyakkyawar niyya kuwa. Wanda ya zaɓi haka shi da iyalinsa bisa yardar juna, kuma yana da hali, madalla da shi. Amma a tuna matan Hausawa ba su taɓa zama hannu sake ba. Kakata da goyo a bayanta take kaɗi, take soya ƙuli-ƙuli, take dafa daddawa, da kuɗin kuwa ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Har gobe mai fura da mai ƙosai da mai kitso da manomiya ba su san wani hutun haihuwa ba, sai dai su ɗansu yana bayansu, in ya motsa su juyo da shi. Abin da ya zama sabo shi ne irin aikin da ba a shiga wurinsa da goyo. Daɗin daɗawa kuma, mu ne masu kukan cewa muna so likita mace ta duba matanmu, malama mace ta koyar da 'ya'yanmu mata. Waɗannan likitoci da malamai su ma matan wasu ne, su ma suna haihuwa. In kowace ta ajiye aiki ranar da ta haihu, wa zai karɓi haihuwar ta gaba?

Da muka zauna shawarar wanda zai riƙe yarinyar, hanyoyi uku muka gani. Ta farko ita ce wadda aka saba, a aiko mana da 'yar reno daga ƙauye, yarinya mai shekara goma ko sha biyu. An ma yi mana tayin wata. Muka yi godiya muka ba da haƙuri, domin ita kanta wannan yarinya reno take bukata, kuma wurinta aji ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare. Zuciyata ba ta kwanta da a fitar da 'yar wani daga makaranta don tawa ta samu gata ba. Ta biyu gidan reno na kuɗi. Mun zaga guda uku. Mai kyan ya fi ƙarfin aljihunmu, masu sauƙin kuwa mun tarar da mace ɗaya a kan jarirai da yawa cikin ɗakin da iska ba ta ratsa shi sosai.

Ta uku ita muka ɗauka. Akwai wata dattijuwa a gidan da ke jikin namu, matar wani tsohon soja, wadda ta reni 'ya'yanta ta aurar, ba kuma Bahaushiya ba ce ko da yake Hausa a bakinta kamar a Sabon Garin Zariya aka haife ta. Tun ranar suna take shigowa. Da muka je mata da maganar, muka yanka mata abin da za mu riƙa ba ta a wata, sai ta ce, "Ɗana, ɗa na kowa ne, ku kawo ta." Abu ɗaya muka daɗe a kansa, watau ruwa. Ita a saninta ba a barin jariri cikin zafin nan ba a ɗiga masa ruwa ba. Sai da maiɗakina ta tafi da ita asibiti ranar allura, ta ji daga bakin nas cewa nono ya ƙunshi duk ruwan da jariri ke bukata, sa'an nan ta yarda.

Ga yadda muka tsara. Uwar za ta shayar da asuba, ta tatsa ta bari cikin kofi mai murfi, ta fita kafin hanya ta cushe. Malaman asibiti sun ce nonon da aka tatsa yana yin kamar awa huɗu a ɗaki, a firji kuwa kwana uku zuwa huɗu, sai dai firji da wutar lantarkinmu sai addu'a, don haka mun sayi ɗan akwatin ƙanƙara. Aikin jarida bai cika kankama da sassafe ba, sabo da haka daga fitarta har wajen ƙarfe goma sha ɗaya yarinyar tana hannuna, ni zan yi mata wanka, ni zan ba ta na farko da cokali, kana in miƙa ta maƙwabta in wuce. Shugabar ofishinsu ta yarda a haɗa mata rabin awa biyun nan ta riƙa tashi da wuri. Ranakun da muke haɗa jarida, waɗanda nakan kai dare, su ne za su fi wuya. Allurar rigakafi ta mako 14 kuwa za ta faɗo ran aiki, ni zan kai ta. Na riga na san bencin, duk mata ne, na kuma san za a tambaye ni ina uwarta, kamar yadda aka tambayi wani bawan Allah a gabana ranar allurar mako shida.

Kirana ga 'yan majalisa da ƙungiyoyin ƙwadago shi ne su dubi sashe na 54 ɗin nan, wanda ya girmi yawancin matan da yake hukunci a kansu, a daidaita shi da abin da Ma'aikatar Lafiya ke wa'azi, a kuma sa uba a ciki. Masu kamfanoni da makarantu da asibitoci kuwa ba sai sun jira doka ba. Ɗaki guda mai tsabta da tabarma da mai kula ɗaya, inda ma'aikaciya za ta ajiye ɗanta ta leƙo ta shayar, bai kai kuɗin neman sabuwar ma'aikaciya da koya mata aiki ba.

Ku kuma 'yan'uwana sababbin iyaye maza, musamman waɗanda ke zaune nesa da gida, kada ku jira sai ranar ta zo. Tun surukarku ko mahaifiyarku tana nan ku tsaya ku ga yadda ake yi, ku tambaya, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ragon suna da turmin atamfa wajibinmu ne, mun kuwa yi, amma hidimar kwana ɗaya ce. Wadda ke biye da ita ta kowace safiya ce, kuma babu maroƙin da zai yi maka kirari a kanta.

Allah ya raya mana su bisa tafarki nagari, ya ba iyayensu mata lafiya da juriya, ya saka wa duk mai riƙe ɗan wani da amana da mafificin alheri, amin.